Gaisuwar da Na Yanke

Abu na farko da aka koya mini a aikin rediyo shi ne yanka. Mutum ya yi tari, ka yanke. Ya ce “wato, ka gane ko”, ka yanke. Ya maimaita abin da ya riga ya faɗa, ka bar na farko ka zubar da na biyu. Wanda ya koya mini aikin yakan ce mai sauraro tukunyarsa tana kan wuta, kada ka ɓata masa lokaci. Da wannan karatu aka turo ni Diffa daga Maraɗi, na kama aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Barbarcin da na iya a lokacin bai wuce na cinikin kifi ba.

A shekarata ta biyu wata malamar koleji ta zo ta same ni. Bafulatana ce daga wajen N'Guelbély, tarihi take koyarwa, kuma kowa Malama yake ce mata, har direktan makarantarsu. Tana da ƙungiyar matasa da ke haɗuwa duk Laraba da yamma a gindin bishiyar bedi ta bayan aji. Wasu ɗalibai ne, wasu sun bar karatu suna sana'a. Ba wanda yake biyanta, ita ce ma ke kawo shayi da sukari. Ƙungiyar zaman lafiya ce, amma ta ce ta gaji da ganin yara suna sa riguna iri ɗaya suna yi wa baƙi waƙa.

“Na ce musu kowa ya kawo abu ɗaya da ba daidai ba a unguwarsu,” in ji ta, “wanda mai gyara shi yana kusa, ana iya zuwa wurinsa a gaishe shi. Kai kuma ka koya musu ɗaukar murya. Ba ko sisi a ciki, kada ka ce ban faɗa maka ba.”

Na yarda, tun daga nan matasan suke kirana Mushe, wato malam da Faransanci. Direktanmu ya ba mu minti goma sha biyar duk Lahadi da safe.

Wadda suka zaɓa ta jagorance su yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, suna kiranta Shugaba, da wasa da gaske. Iyayenta sun taso daga wajen Baroua a shekarun gudun hijira, suka yi bukkoki a gefen wani ƙauye na bakin kogin Komadugu, ba nisa da gari. Ita tana zaune wurin goggonta a Diffa saboda makaranta. Abin da ta kawo shi ne maganar faƙo.

Wanda bai zauna a kwarin nan ba sai an yi masa bayani. Tattasai in ya nuna aka tsinke shi, dole a baza shi a rana nan da nan. In ya kwana uku a tare, sai ya fara ruwa, ya yi baƙi. A bayan ƙauyen akwai faƙo, fili mai tauri, shararre, kowane gida da yankinsa tun kakanni. Mutanen ƙauyen sun ara wa baƙi gonaki, wannan an gode musu. Faƙo kuwa ba su da ko taki ɗaya. Nasu tattasan a bakin hanya yake bushewa da kan rufin bukkoki, awaki su ci, mota ta watsa masa yashi.

“An hana ku ne?” na tambaye ta.

“Ba a hana ba, Mushe. Ba a tambaya ba. Babana ya ce wanda aka ba gona ba ya komawa ya ce a ƙara masa da faƙo.”

“Yaushe za ku tsinka?”

“Asabar ta sama.”

Saura kwana goma ke nan. Muka shirya za ta je ta yi hira da Bulama, wato mai garin. Na koya mata abin da na sani. Tambaya ta zama gajeriya, makirfo ya yi nisan tafin hannu daga baki, in mutum yana magana kada ki riƙa ce masa “to, to”. Malama kuma ta ja ta gefe ta koya mata nata, wanda ban saurara ba. Na dai ga an sayi goro.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka shiga motar kasuwa mu uku. Mun tarar da Bulama a rumfarsa da dattawa biyu. Tsoho ne dogo mai son dariya. Yana ganin Malama ya ce, “Wa ya bar ƙofa a buɗe Fulani suka shigo? A ɓoye gero!”

“Gero na me, Baba? Na zo duba bayina ne, na ga ko suna cin abinci.”

Tsakanin Barebari da Fulani wannan ba faɗa ba ne, wasa ne na gado. Aka yi dariya, aka ba mu tabarma. Na sa abin ji a kunne, na danna na'ura.

Yarinyar ta tuɓe takalma tun daga nesa, ta durƙusa, ta fara tafa hannu a hankali. “Wushe, wushe.” Shi kuma yana amsawa, “Kilewa.” Waɗannan biyun na sani, sannu da lafiya lau. Sauran duk ya wuce ni. Ta faɗa, ya amsa, ya tambaya, ta amsa, dattawan suka sa baki, aka koma wushe. Can sai muryarsa ta canza, ya yi doguwar magana, ya kama gemu. Ni idona yana kan lambobin na'ura. Minti tara da daƙiƙa arba'in suka tafi kafin ta juya zuwa Hausa saboda rediyo.

“Baba Bulama, Allah ya ja kwana, faƙon nan na wa ne?”

“Na Allah ne, 'yata, sannan na gari.”

“To mu, Baba, 'yan gari ne ko baƙi?”

Ya yi dariya har da buga gwiwa. “Kun ji ta? Jikar kakanta ce! Wanda ya binne mamacinsa a maƙabartarmu ai ya wuce baƙo.”

“To me ya sa tattasanmu yake bushewa a bakin hanya?”

Ya yi shiru daƙiƙa bakwai, na ƙirga. Sannan ya ce maganar gaskiya ce, kuma kunyarta tasu ce. Ya ce faƙon ba nasa ba ne shi kaɗai, amma Juma'a mai zuwa zai tara masu gidaje, ya nemi a ware gefen gabas. Aka ci gaba da hira a kan ruwa da iri da awaki. Duka abin da na ɗauka minti talatin da ɗaya ne.

Ranar Asabar na zauna gaban kwamfuta na yi aikina. Na cire gaisuwar gaba ɗaya, tun da Barbarci ce kuma maimaici ne. Na cire “Baba Bulama, Allah ya ja kwana”, domin na riga na gabatar da shi a buɗe shiri. Na cire “'yata”. Dariyar ta hau kan maganar wani dattijo, sauti bai fita tsaf ba, na cire ta tare da zancen kaka. Shirun daƙiƙa bakwai kuwa na bar shi, domin duk ɗan rediyo ya san irin wannan shirun yana riƙe kunne. Shiri ya tsaya a minti goma sha uku da daƙiƙa hamsin. Na saurara sau biyu, na ji daɗin kaina.

Aka sa shi ranar Lahadi. Bayan kiɗan buɗewa da gabatarwata, abin da kwari duka ya ji shi ne muryar yarinya tana cewa, “Faƙon nan na wa ne?”

Ranar Litinin da rana ina ofis, Malama ta turo ƙofa.

“Ina sauran maganar da ka ɗauka?”

“Haba Malama, ko sallama babu?”

“Ka ji yadda take, ko?” Ta ja kujera ta zauna. “To haka ka sa yarinyar mutane ta shiga gidan kowa jiya.”

Ta ba ni labari dalla-dalla. A ƙauyen ana cewa 'yar baƙi ta zo ta tsare Bulama da tambaya kamar jandarma, har ya rasa ta cewa. Dattawa biyun da suka ga abin da idonsu sun ce ba haka aka yi ba, amma mutum biyu ne, rediyo kuwa kowa ya ji da kunnensa. Masu gidaje sun ce ba za su zauna ranar Juma'a ba. Uban yarinyar ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce a bar maganar faƙo, bakin hanya ya ishe su. Bulama kuwa, an ce ya kashe rediyonsa tun shirin bai ƙare ba.

“Ban ƙara ko kalma ɗaya ba,” na ce. “Duk abin da aka ji, an faɗe shi.”

“Na sani. Wa ya ce ka yi ƙarya? Tattasai dai ya yi ja, kuma Asabar za a tsinka.”

Ranar Laraba muka haɗu a gindin bedi. Na faɗa wa matasan abin da na yi, ban rage ba. Ban taɓa ganin sun ji daɗin zama kamar ranar ba. Wanda ya saba gyara musu magana yau shi ne a gaban alƙali. Wani ya ce a ɗaure ni da wayar makirfo. Wata ta ce a'a, a sa ni in gaishe da kowa a kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Malama ta bar su suka more, sannan ta ce to, me za a yi?

Na ce zan rubuta takardar ban haƙuri in karanta da bakina. Wasu suka ce a tafi duka a roƙi Bulama. Shugaba tana zaune tana juya kofin shayi, idanunta sun nuna ta yi kuka a gida.

“Mushe, abin da ka yanke, ka zubar da shi?”

“Ba na zubar da asali. Yana nan.”

“To a sa shi duka.”

“Minti talatin da ɗaya ne. Goma sha biyar muke da shi, kuma sai Lahadi.”

“In ka ba da haƙuri, za a ce an yi rashin kunya an nemi gafara. Ni kuwa ban yi rashin kunya ba. Na gaishe shi. A bar mutane su ji na gaishe shi.”

Na duba Malama ko za ta ce wani abu. Ta ɗaga kafaɗa. “Ni shayi na kawo. Ƙungiya tasu ce.”

Da safiyar Alhamis na shiga wurin direkta, Shugaba tana bayana. Mutum ne mai ƙaunar jadawali, yana manne a bango da jan biro a gefe. Na ce muna son rabin awa yau ɗin nan.

“Rabin awa? Ta me?”

“Kashi ɗaya cikin uku gaisuwa ce,” na ce, ina kallon ƙasa.

“Kai? Kai da ka yanke wa liman addu'a?”

“Ta yi tsawo ne, Direkta.”

Ya bi jadawalin da yatsa. Labarai ba sa taɓuwa, sanarwa ba ta taɓuwa. Yatsan ya tsaya a ƙarfe huɗu da rabi, filin gaishe-gaishe, inda masu sauraro ke aiko da saƙo a gaida musu 'yan uwa. Babu shirin da ake ji kamarsa a kwarin, ko a gona ana rataye rediyo a reshe saboda shi.

“Ku ɗauka,” ya ce. “Masu saƙo su jira mako mai zuwa. In sun zo faɗa, ofishinka zan nuna musu.”

Muka raba aiki. Shugaba za ta zauna a situdiyo ta buɗe shirin da kanta. Ni da Malama za mu tafi ƙauyen da ƙaramin rediyo, domin ta ce ba a mayar wa mutum abinsa ta iska kawai, sai an je. A cikin mota ta yi ta koya mini gaisuwa, ina maimaitawa, matan da ke zaune kan buhuna suna gyara mini, suna ƙyaƙyata dariya.

Mun isa bayan la'asar. Bulama ya amsa sallama, amma bai ce a ɓoye gero ba. Malama ma ba ta nemi bayinta ba. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na fara. Na tambayi kwana, na tambayi gida, na tambayi sanyi da gajiya. Abin da na haddace ya ƙare cikin minti ɗaya. Ya ce “kilewa”, ya zuba mini ido yana jira. Na sake daga farko. Ya sake jira. A zagaye na huɗu na ga gefen bakinsa ya motsa.

“Ya isa, ɗan Maraɗi, kada ka karya mana harshe. Me ya kawo ku?”

Malama ta ajiye rediyon a kan tabarma ta kunna. Ƙarfe huɗu da rabi daidai muryar yarinyar ta fito. Ta gaishe da masu sauraro da Barbarci, da Hausa, da 'yar Fulatancin da ta koya. Ta ce ranar Lahadi an ji rabin zama, yau za a ji shi duka. Sai tafin hannun nan a hankali, da “wushe, wushe”.

Mutane suka fara taruwa. Daga wasu gidaje ma ana jin muryar tana fitowa. Malama ta matso tana fassara mini ƙasa-ƙasa, a nan ne na ji abin da na ɗauka da hannuna kwana shida da suka wuce. Ya tambaye ta 'yar wa ce, ta faɗi ubanta, ta faɗi kakanta. Ashe ya san kakan. Wata shekara da ruwa ya cika, uwar Bulama ta yi ciwo a can gabas, kakan yarinyar ne ya ɗauke ta a kwalekwalensa ya ƙetare da ita zuwa wurin magani, ya ƙi karɓar komai. Doguwar maganar da ya yi yana kama gemu ke nan. A ƙarshenta ya ce mata, “Jikar wannan mutum ba ta jin kunyata. Tambayi abin da kike so, kada ki sassauta.”

Wata tsohuwa da ke tsaye bayan zana ta ce, “Af! Ashe shi ya ce ta tambaya!”

Da aka zo wurin dariyar, Bulama ya ji kansa yana buga gwiwa a cikin rediyo, sai ya sake bugawa a zaune. Dattawan nan biyu suna ta juyawa suna duban mutane ɗaya bayan ɗaya, kallon ya isa. Shirun daƙiƙa bakwai ya zo ya wuce, ba wanda ya lura da shi.

Da shirin ya ƙare, Bulama ya dube ni.

“Wannan duka, ina ka kai shi ranar Lahadi?”

“Na yanke, Baba. Lokaci ne bai isa ba.”

“Ka cire ƙofa, ka sa yarinya ta shigo ta katanga. Mai shigowa ta katanga kuwa, ko alheri ya ɗauko, ihu ake yi masa.” Ya juya wurin Malama. “Ke kuma, Fulani, kina gani aka ba Bahaushe wuƙa?”

“Kuskure ne, Baba. Na ɗauka bawan nan nawa ya fi haka hankali,” in ji ta, tana nuna ni.

“A ɓoye gero,” in ji shi, aka fashe da dariya.

Ban halarci zaman Juma'a ba, ba wurina ba ne. Abin da aka gaya mini shi ne an daɗe. Wani mai gida ya tsaya a kan cewa gefen gabas na kakansa ne, kuma bai janye ba. Aka bar masa nasa. Aka ware abin da ya rage na gabas ɗin, aka haɗa da wani yanki da ciyawa ta cinye don an daɗe ba a shanya a kansa ba. Bai kai yadda Bulama ya so ba, amma zai ɗauki tsinkar farko. Sharaɗi biyu aka sa, baƙin su share wurin da kansu, kuma su shiga layin korar awaki kamar kowane gida. Uban yarinyar, da aka kira shi aka faɗa masa, an ce sharaɗi na biyun ne ya fi faranta masa rai.

Asabar da sassafe ƙungiyar duka ta cika mota, da fartanyoyi da tsintsiya. Kafin hantsi an kankare ciyawa, an share, an yayyafa ruwa an daddaɓe. Malama ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana ba da umarni, ba ta taɓa tsintsiya ba, ta ce aikin malami ke nan. Ni aka ba ni sanda aka ce layin awaki ya fara daga kaina. Wajen azahar buhunan farko suka iso a kan amalanke. Uwar yarinyar ta kwance bakin ɗaya ta juye, tattasai ya bazu ja wur a kan faƙo. Na bar awakin na ɗan lokaci na ɗauki sautin zubarsa, har yanzu da shi muke buɗe shirin Lahadi.

Ana cikin bazawa sai ga Bulama yana tafe da sandarsa, ya zo ganin wuri. Shugaba ta ajiye kwandonta, ta tuɓe takalma, ta durƙusa a gefen shanyar, ta fara tafa hannu. Na danna na'ura. Ban san lokacin da idona ya sauka kan agogon hannuna ba. Malama ta miƙo tafinta ba tare da ta dube ni ba. Na kwance agogon na ba ta, ta jefa a jaka.